IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI: ƊUMAMAR YANAYI DA BIRNIN ABUJA

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa kwana a Gwagwalada cikin watan Maris ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan zafi. Da zarar an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai ka ga kowa ya naɗo tabarmarsa ya fito waje, domin kuwa ɗaki ya zama tanderu, kwanon rufi yana ta amayar da zafin da ya sha tun safe. A irin wannan dare ne gardama ta ɓarke tsakanin abokan kwanana guda uku. Na farko ya ce Turawa ne suka ɓata duniya da hayaƙin masana'antunsu, mu kuma muke shan wahala. Na biyu ya ce babu wata ɗumamar yanayi, Gwagwalada tun fil azal haka take da zafi. Na uku kuwa cewa ya yi abin na Allah ne, a yi haƙuri a kwanta.

Wannan gardama ce ta sa na ɗauki alƙalami. A nawa ra'ayin, ɗumamar yanayi gaskiya ce, kuma ta riga ta iso mu a nan Babban Birnin Tarayya. Haka kuma gaskiya ne cewa ba mu ne muka haddasa mafi yawanta ba. To amma ɓarnar da take yi mana, da hannunmu muke ninka ta. Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu dubi satar ɓeran, sannan mu juyo mu shinshini daddawarmu.

Mece Ce Ɗumamar Yanayi?

Ya kai mai karatu, ka taɓa shiga motar da aka ajiye a rana an rufe gilasanta? Hasken rana ya ratsa gilashi ya shiga, amma zafin ya rasa hanyar fita. To kusan haka abin yake ga duniya baki ɗaya. Akwai wasu nau'o'in iska a sararin samaniya, ɗaya daga cikin manyansu ita ce iskar kabon, waɗanda suke riƙe wani ɓangare na zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Ba don su ba da duniya ta yi sanyin da ba za ta zaunu ba. Matsalar ita ce sun yi yawa. Tun daga lokacin da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu da motoci da tashoshin lantarki, tare da sare dazuzzukan da ke zuƙe wannan iska, adadinta ya tashi daga kimanin 280 zuwa fiye da 420 a cikin kowane miliyan ɗaya na iskar sarari. Wato bargon da duniya ta lulluɓa da shi ya ƙara kauri.

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, inda zafin duniya ya ɗara na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri ɗaya da rabi a ma'aunin Salshiyas. Wani zai ce digiri ɗaya da rabi ai ba wani abu ba ne. Sai dai mu tuna, idan zafin jikin yaro ya ƙaru da digiri ɗaya da rabi, uwarsa ba ta barci. Bugu da ƙari, masana sun nuna cewa duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kimanin kashi 7 cikin 100. Wannan shi ya sa ɗumama take zuwa da fuska biyu masu kama da kishiyoyin juna: ta busar da ƙasa da sauri, sannan idan hadari ya haɗu ya juye ruwa mai yawa cikin ɗan ƙanƙanen lokaci.

Satar Ɓera

Abokina na farko yana da gaskiyarsa. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga makamashi. Ƙasashen Turai da Amurka, daga baya kuma Sin, su ne suka tara mafi yawan abin da ke sama a yau. An yi taro a Kiyoto a 1997, an ƙulla yarjejeniya a Faris a 2015 cewa za a yi ƙoƙarin tsayar da ƙaruwar zafi a digiri ɗaya da rabi, an kuma amince a Masar a 2022 cewa za a kafa asusun tallafa wa ƙasashen da suka yi asara. Alƙawari dai ba ya ƙarewa, cikawa ce ke tafiyar hawainiya.

Mu kuwa a nan gani ya kori ji. A shekarar 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan 2 da muhallansu. Bayan shekara goma, a 2022, aka sake yin wadda ta ci rayuka fiye da 600. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A ƙarshen watan Mayu na 2025 kuma ruwan dare ɗaya ya share unguwanni a Mokwa ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu, aka rasa fiye da mutum 150. Masanan da suka nazarci ambaliyar 2022 sun gano cewa ɗumamar yanayi ta ƙara yiwuwar saukar irin wancan ruwa ninkin-ba-ninkin.

Yadda Abin Ke Taɓa Abuja

Wataƙila mai karatu ya ce ina ruwan Abuja da Mokwa ko Maiduguri, birnin da ke zaune kan tudu a gindin Dutsen Aso? Amsa ita ce Abuja ba ta ciyar da kanta. A 2012, da kuma 2022, da kogin Kwara da na Binuwai suka tumbatsa a yankin Lakwaja, ruwa ya yanke babbar hanyar da ta haɗa mu da kudu. Tankokin mai da manyan motocin kaya suka yi kwanaki a jere a kan hanya, dogayen layuka suka dawo gidajen man Abuja, kuɗin mota ya tashi. Tumatur da albasa da hatsin da muke saye a kasuwannin Wuse da Gwagwalada da Dei-Dei, mafi yawansu daga gonakin arewa suke zuwa. Idan fari ko ambaliya ta taɓa manomin Kano ko na Jigawa, tukunyar mazaunin Kubwa ce ke fara ba da labari.

Na biyu, akwai manoman cikin yankin kansa. Mutane kan manta cewa bayan manyan gine-gine akwai ƙauyuka a Kwali da Kuje da Abaji da Bwari da ke rayuwa da fartanya. Ni ɗan ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje ne, Gbagyi ne mu, da doya da dawa aka biya mini kuɗin makaranta. Mahaifina yana da alamomin da ya gada na gane shigowar damina: yadda iska ke juyawa, da tohon wasu itatuwa, da zuwan wasu tsuntsaye. A 'yan shekarun nan alamomin sun sha yaudararsa. Akwai shekarar da aka yi ruwa biyu masu ƙarfi, ya shuka masara, ta tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke kusan mako uku. Shukar ta ƙone, ya sake sayen iri da bashi. Da ruwan ya dawo kuma sai ya zo da ƙarfin da ya rusa kunyoyin doya a gangaren gona. Abin da ya ce mini ban manta ba: da can damina kamar baƙo mai mutunci take, tana aiko da saƙo kafin ta zo, yanzu kuwa sai dai a ji sallama a tsakar dare.

Na uku, akwai batun makiyaya. Tun farin 1973 da na 1984 makiyayan arewa suke ƙara gangarowa kudu neman ciyawa da ruwa, Tafkin Cadi kuma da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Ba na cewa yanayi kaɗai ne ke haddasa rikicin manoma da makiyaya, domin akwai toshe burtali da yawan jama'a da rashin adalci wajen shari'a. Amma idan ciyawa ta yi ƙaranci, haƙuri ma ƙaranci yake yi.

Na huɗu shi ne lafiya. Tsananin zafi yana jigata tsofaffi da jarirai da masu juna biyu. Lokacin bazara ne sanƙarau ke yaɗuwa a ɗakunan da aka cunkushe babu iska, bayan ambaliya kuma sai amai da gudawa su biyo baya saboda ruwan masai ya haɗu da na rijiya, ga sauro ya sami wurin hayayyafa.

Warin Daddawa

Yanzu kuma bari mu dawo gida. A 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, aka kammala tsarin birnin a 1979, aka kuma ƙaura daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Waɗanda suka zana taswirar ba su yi wauta ba. Sun ware filaye masu yawa don itatuwa da lambuna, sun bar bakin rafuka da kwazazzabai a matsayin hanyar ruwa, ba wurin gini ba. Itace yana ba da inuwa yana sanyaya iska, fili mai ciyawa kuma yana shanye ruwan sama kafin ya taru ya zama ambaliya.

Me muka yi da wannan gado? Ƙidayar 2006 ta nuna mutum miliyan 1.4 a yankin, yau kuwa an wuce haka nesa ba kusa ba. Jama'a ta ƙaru, fili ya yi tsada, sai aka fara yanka wuraren da aka keɓe ana mayar da su rukunin gidaje da shaguna da wuraren shaƙatawa. Aka cike fadamu da ƙasa aka yi gini a kai, aka matse rafi a cikin ɗan ƙaramin kwalbati, aka malale tsakar gida da siminti har ba inda ruwa zai nutse. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A watan Agusta na 2019 ambaliya ta tafi da wani babban jami'in kotu a shataletalen Galadimawa. Mazauna Lokogoma sun sha ganin ruwa a falo. A rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe an yi ambaliya a 2021 har da asarar rayuka, sannan a watan Yuni na 2023 ruwa ya sake shanye gidaje fiye da 100 a wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗumamar yanayi ce ta ƙaro ruwan, amma mu ne muka tsaga bangon.

Kada mu ɗora wa manya laifi mu wanke kanmu. Ledar ruwan da muke sha mu jefar ta tagar mota, ina take zuwa? Sau nawa muka ga an fito da kwandon shara ana juyewa a lambatu da zarar hadari ya haɗu, wai ruwa zai tafi da ita? Dubi buhunan gawayin da ke jere a bakin hanya daga Abaji zuwa Gwagwalada. Kowane buhu itace ne da ya faɗi, kuma sau da yawa kaɗanya ce ko ɗorawa, itatuwan da ke ɗaukar shekaru kafin su girma. Ban ga laifin matar da ta koma gawayi ba, domin tsadar gas da kananzir ce ta kora ta, musamman bayan tashin farashin kaya da ya biyo bayan cire tallafin mai a 2023. Amma dajin bai san dalili ba, ƙarewa kawai yake yi. A ƙasa baki ɗaya kuma, har yanzu ana ƙona gas a banza a yankin Neja Dalta, alhali miliyoyin gidaje da shaguna sun dogara da janareto.

Wa Ke Ɗanɗana Kuɗarsa?

Abin da ya fi damuna shi ne rana ɗaya ce ke fitowa a Maitama da Mpape, amma zafinta ba ɗaya ba ne. A Maitama da Asokoro akwai manyan itatuwa a bakin titi, akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai janareto idan an ɗauke wuta, akwai magudanan ruwa masu faɗi. A Nyanya da Karmo da Gwagwa da Dutsen Alhaji kuwa ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano da 'yar taga, mutum shida a ciki, ga ruwa sai an saya a wurin 'yan garuwa, waɗanda su ma kuɗin jarka ke tashi idan rijiyoyi sun ja baya. Ɗan acaɓa da birkila da mai tallar ruwa da mai faci ba su da hutun tsakar rana, domin ranar da ba su fita ba, ba a ɗora tukunya. Wanda bai taɓa mallakar ko keke ba, shi ne ya fi kowa biyan bashin hayaƙin da bai fitar ba. Rashin adalcin da muke kuka da shi tsakanin Afirka da Turai, irinsa ne muke aikatawa tsakanin tsakiyar birni da gefensa.

Amsa Ga Masu Ja

Ga abokina na biyu da ya ce dama can ana zafi ana ambaliya, na yarda. Kakanninmu sun ga fari da yunwa tun kafin a ƙera mota, kuma sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru yana da hannu a ambaliyar Binuwai. Babu masanin da ya ce ɗumama ce ta ƙirƙiro ambaliya. Abin da ake cewa shi ne tana sa abin da ake gani jefi-jefi ya riƙa zuwa a kai a kai, kuma da ƙarfi. Wannan ba a gane shi da zafin dare ɗaya, sai da lissafin shekaru masu yawa, lissafin kuwa yana nan.

Ga abokina na uku kuma, babu mai musun cewa ruwa da rana a hannun Allah suke. Sai dai ban taɓa jin inda aka ce mutum ya gina gida a kan hanyar rafi sannan ya kira sakamakon ƙaddara ba. Manomi ma yana addu'ar damina mai albarka, amma ba ya fasa gyaran gona.

Ina Mafita?

Da farko, hukumomi su mutunta taswirar birnin tun kafin a zuba harsashi. Rushe gida bayan talaka ya ƙarar da abin da ya tara ba shi ne jarunta ba. A fara da hukunta wanda ya sa hannu aka ba da filin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nijeriya ta kafa Dokar Sauyin Yanayi a 2021, ta kuma yi alƙawari a taron Gilasgo cewa kafin 2060 za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda take zuƙewa. Muna so mu ga wannan doka a ƙasa, wato a cikin magudanan Lugbe da inuwar titunan Kubwa da sauƙin farashin gas ɗin girki.

Na biyu, dashen itace ya wuce bikin rana ɗaya da ɗaukar hoto. Kowa ya san yadda ake dasa ɗaruruwan itatuwa a watan Yuli, kafin Janairu awaki sun cinye rabi, rana ta ƙone sauran. Itace goma da aka killace aka shayar har suka kama sun fi dubu da aka dasa aka watse.

Na uku ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe. Kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina, inda take bayyana lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da wuraren da za a iya samun tsaikon ruwa a tsakiya. A 'yan shekarun nan ana fassara shi zuwa manyan harsunan ƙasa, har da Hausa, wannan kuwa abin yabo ne. To amma fassara a takarda daban, isa kunnen manomi daban. Da mahaifina ya ji cewa ruwan farko na yaudara ne a waccan shekarar, da bai ci bashin iri ba. A kasuwannin Kwali da Abaji, Gbagyi da Bassa da Gade da Ganagana da Fulani da Hausa suke ciniki da juna, don haka saƙon da aka faɗa da Hausa mai sauƙi yana iya kaiwa gidaje da yawa, daga nan kuma masu jin harsunan gida su ƙarasa da shi.

Akwai ma aiki a kan kalmomin kansu. Kalmar "yanayi" ita muke amfani da ita ga halin sararin samaniya na yau da gobe, ita ce kuma ta halin da ya ɗore shekara da shekaru. Idan ka ce wa tsoho "sauyin yanayi", yana iya ɗauka fita daga damina zuwa kaka kake nufi, ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne. Ta yaya za mu bambance masa? Ta yaya za a faɗi cewa akwai yiwuwar ruwa ba tare da an ɗauke shi alƙawari ba, har idan bai sauka ba a ce masu hasashe maƙaryata ne? Waɗannan tambayoyi sun isa a rubuta kundin kammala digiri a kansu, kuma sun fi amfani ga jama'a a kan maimaita batutuwan da aka riga aka tatse.

Kammalawa

A taƙaice, 'yan'uwana ɗalibai, muna da haƙƙin neman manyan ƙasashe su rage hayaƙinsu su kuma biya diyyar ɓarnar da suka yi, bai kamata mu yi shiru a kan haka ba. Sai dai ko yau aka rufe duk masana'antun duniya, zafin da ya riga ya taru ba zai gushe gobe ba, kuma mu ne za mu zauna a cikinsa, mu da 'ya'yanmu. Ba mu da iko a kan yawan ruwan da zai sauka a Lugbe a damina mai zuwa, amma muna da iko a kan ko zai tarar da magudanar a buɗe ko a toshe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Na Mokwa da na Maiduguri sun riga sun kama. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma sa mu gyara tun kafin hadari ya haɗu, amin.